Tambayoyi da amsoshin lafiya: idan jariri ya shaƙe

Tambaya: Likita, ɗana mai wata bakwai yakan yi kakarin amai in ina ba shi abinci, fuskarsa ta yi jajir. Shaƙewa ce?

Amsa: Muddin yana tari ko kuka, iska na shiga. Ki zaunar da shi, ki bar shi ya yi tarinsa. Jaririn da ya shaƙe da gaske shiru yake yi.

Tambaya: Jikata ta ƙware, na zura yatsa ban ji komai ba, sai na riƙe ta ta ƙafa na girgiza, na ɗura mata ruwa. Ta farfaɗo, amma surukata ta ce ba haka ake yi ba.

Amsa: Iya, Allah ne ya tsare, kuma surukarki ta fi ki gaskiya. Abubuwa ukun nan kowannensu yana iya kashe yaro, kuma na gaji da ganin ana maimaita su. Maƙogwaron jariri siriri ne. Yatsan da aka zura ba a ganin abin da ake nema sai ya ƙara cusa shi ciki. Girgiza tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko yaron ya kuɓuce ya faɗi da ka. Ruwa kuwa, ina zai bi, tunda hanya a toshe take? Huhu zai gangara.

Ga yadda ake yi wa ɗan ƙasa da shekara ɗaya, idan ya kasa kuka, ya kasa tari, leɓɓansa suka fara yin duhu. Ki ƙwala wa wani kira ya nemo mota ko motar asibiti, ke kuma ki zauna. Ki kifa jaririn a kan hannunki bisa cinya, kansa ya fi ƙirjinsa yin ƙasa, ki tallafe haɓarsa da yatsu ba tare da kin matse wuyansa ba. Da gindin tafin hannunki, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5. Bugu na gaske, ba lallashi ba, a nan iyaye mata suke jin tausayi su ɓata lokaci. Bayan kowane bugu ki duba ko abin ya fito.

In bai fito ba, ki juyo shi rigingine, har yanzu kai a ƙasa. Ki ɗora yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwansa, ki danna sau 5 da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Bugu 5, danni 5, haka za ki ci gaba. In kin ga abin ƙuru-ƙuru a bakinsa ki cire, in ba ki gani ba kada ki lalube.

Idan ya sume, ki kwantar da shi a kan abu mai tauri, ki danna ƙirji sau 30, ki rufe bakinsa da hancinsa da bakinki ki hura iska kaɗan sau 2, ki maimaita. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in babu iska, saboda haka kada a daina ko a cikin mota ne. Kuma ko abin ya fito yaro yana dariya, a kai shi asibiti a ranar. Ɓurɓushi na iya maƙalewa a huhu.

Tambaya: Na ga ana matse ciki daga baya. Ana yi wa jariri?

Amsa: A'a, Malam. Dabarar da likitan Amurka Henry Heimlich ya bayyana a 1974 ta wanda ya haura shekara ɗaya ce. A jariri tana iya fasa hanta.

Tambaya: 'Yata ta haɗiye ƙaramin batir irin na agogo, amma tana wasanta. In jira ya fito a kashi?

Amsa: Wane jira, 'yar'uwa? Ki ajiye wayar nan ki tafi asibiti yanzu. Batirin yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa 2, yarinya tana wasa ba alamar komai. Kada ki sa ta amai.

Tambaya: Yaushe zan fara ba yarona gyaɗa?

Amsa: Ƙwayarta sai ya kai shekara 5. Kafin nan a niƙa ta lukwi, inabi kuma a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Kada ya ci komai a kwance, ko ba babba a kusa.