Kan jirgin ƙasana na samfur yana kuka: ina ake sa mai, ina ake sa giris?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin kan jirgin ƙasa na samfur, na ma'aunin girman da ake kira HO, irin mai siffar jirgin dizal. Ya yi shekaru a ajiye cikin kwalinsa. Da na ɗora shi a kan layi sai ya riƙa tafiya da ƙyar yana wani kuka mai tsinin gaske. Na ɗauko man keken ɗinki na ɗiɗɗiga masa ta ƙasa, duk inda na ga abu na juyawa. Kukan ya ragu, amma yanzu ƙafafun sulɓi suke yi, ba ya iya jan taragu uku, yana tafe yana tsayawa, har ƙauri nake ji. In ƙara man ne, ko giris ya kamata in sa? Kuma a ina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, sauke shi daga kan layin, kada ka sake ba shi wuta, kuma kada ka ƙara ko ɗigo ɗaya. Jirginka ba mai yake nema yanzu ba, wanki yake nema. Ƙaurin da ka ji shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin alama ce man ya isa cikin moto, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya komai. In aka ci gaba da tuƙa shi a haka, kwayil, wato naɗin siririyar wayar da ke cikin moton, na iya ƙonewa, a wayi gari garin neman gira an rasa ido.

Bari in fara da abin da ya jawo kukan farko. Giris ba komai ba ne illa mai da aka riƙe cikin wani abu mai kauri, galibi sabulun lithium, don ya zauna inda aka sa shi. Idan jirgi ya daɗe a ajiye, man yakan tsiyaye daga cikin sabulun a hankali, wani ya bushe, wani ya bi jikin akwatin giya ya fita. Abin da ya rage sai ya daskare ya zama ƙullutu mai launin ƙasa-ƙasa, ya cushe tsakanin haƙoran giya. Shi ya sa jirgin ya riƙa tafiya da ƙyar. Kukan mai tsini kuwa kusan kullum daga bushin ɗin moto, wato zoben da sandar moto ke juyawa a cikinsa, yake fitowa idan ya bushe, domin sandar moto takan yi juyi fiye da 10,000 a minti ɗaya idan an ba ta cikakkiyar wuta ta bolt 12. Man da ka zuba ya ɗan jiƙa bushin, kukan ya lafa, amma bai taɓa busasshen giris ɗin ba. Ragowar man sai ya bi ko'ina. Ya hau fuskar ƙafafu, suka fara sulɓi. Ya shiga tsakanin ƙafa da 'yan siraran ƙarafan da ke ɗebo wuta daga gare ta, ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo, wuta ta riƙa yankewa, shi ne tsayawar da kake gani.

To, ga yadda za ka yi wankin. Nemi soso mai laushi ka yanka masa kwari a tsakiya, ka kwantar da jirgin a ciki ƙafafu sama, don kada 'yan ƙananan kayan adon da ke kansa su kakkarye. Cire gangar jikin, sannan ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki kafin ka taɓa wani abu. Wannan hoton ne zai cece ka lokacin mayarwa, musamman wajen gane wace ƙafa ce ke kallon wane ɓangare, domin in ka juya su wuta za ta haɗu. A ƙarƙashin kowane rukunin ƙafafu akwai murfin filastik da ke rufe giyoyi. Ɓalle shi a hankali da ƙaramin sukudireba, ta gefen 'yan kunnuwan da suka riƙe shi. Za ka ga giyoyin a jere, kowace a kan 'yar sandarta. Ka zaro su ɗaya bayan ɗaya ka jera a kan farar takarda yadda ka same su.

Tsinken sakace shi ne babban makaminka a nan. Bi kowane haƙori da shi, ka tono tsohon giris, za ka ga yana ɓaɓɓakowa gutsi-gutsi, wani lokaci har da gashi ko zaren darduma a nannaɗe. Bayan nan ka wanke giyoyin da sipirit irin na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, da tsohon buroshin haƙori. Ka kiyaye kada sipirit ɗin ya taɓa fentin gangar jiki, yakan cinye rubutu da lambobi. Fetur, tina da acetone kuwa kada su ko kusanci teburin, suna narkar da filastik ɗin da ake yin jikin jirgi da shi. Ƙafafun ma ka goge su da sipirit a jikin tsinken auduga har sai audugar ta daina fitowa baƙa. In wasu ƙafafun suna da siririn zoben roba da ke taimaka musu kama layi, duba su da kyau: mai yakan sa robar ta kumbura ta saki, kuma in ta kai haka sai dai canji. Kada ka manta da layin kansa, shi ma ya sha mai. In ba ka goge shi ba, duk wahalar da ka yi a kan ƙafafu za ta tashi a banza cikin zagaye ɗaya.

Yanzu moto. In irin buɗaɗɗen nan ne da ake ganin cikinsa, duba ƙarshen sandar, za ka ga wani zoben jan ƙarfe da aka tsaga gida uku ko biyar, da 'yan guntayen kabon biyu da sifirin ke danna su a kansa. Ta nan wuta ke shiga kwayil. Kabon yana cinyewa a hankali yana zubar da gari, wanda ba ya cutar da komai muddin a bushe yake. Amma da zarar mai ya sauka a wurin, garin sai ya kwaɓe ya cike tsagin da ke raba gidajen jan ƙarfen. Kabon kuwa yana ɗaukar wuta, saboda haka gidajen da ya kamata su rabu sai su haɗe, moto ya riƙa jan wuta fiye da kima, ƙarfinsa ya ragu, ya yi zafi, ya fara ƙauri. Goge zoben da sipirit har ya yi ƙyalli, ka bi tsagin da tsinke mai tsini ka fitar da baƙin kwaɓin. Tsinken itace nake nufi, ba allura ba, don ƙarfe zai karce jan ƙarfen ko ya tsinke siririyar wayar da ke kusa. In kabon ɗin sun jiƙe sharkaf, canza su ya fi, domin kabon yana shan mai ya riƙa mayar da shi duk lokacin da ya ɗau zafi.

Sai komai ya bushe ƙayau sannan a zo maganar shafawa. Ƙa'idar ba ta da wuya: inda haƙori ke cizon haƙori, giris, inda sanda ke juyawa cikin rami, mai, inda wuta ke wucewa, babu ko ɗaya.

Wurin da ya fi ko'ina buƙatar giris shi ne giyar nan mai murɗe irin ta noti, wadda ke saman kowane rukunin ƙafafu, da giyar da take turawa. Sauran giyoyi haƙoransu birgima suke yi a kan juna, amma ita mai murɗen gogawa take yi, tana zamewa a kan haƙorin abokiyarta da gudun moto. Ita ce ke rage gudun, har moto ya juya sau goma sha wani abu kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. In ka sa mata mai tsinkakke, juyin zai watsar da shi cikin 'yan mintuna ya fantsama a jikin akwati, ita kuma ta koma a bushe. Giris ne kaɗai ke iya zama. Ɗebi kamar girman kan ashana a bakin tsinke, ka shafa a kan murɗen, ka juya da yatsa har ya bazu. Sauran giyoyin kuma ɗan taɓi a kan haƙora biyu ko uku na giya ɗaya ya isa, su da kansu za su raba wa juna. Yawancinsu da filastik ɗin acetal ake yin su, wanda kamfanin DuPont ya fitar da sunan Delrin, kuma shi da kansa yana da santsi. Cika akwatin giya da giris ba gata ba ne. Moto ɗin nan ƙarami ne ƙwarai, tura giya cikin tarin giris nauyi ne a gare shi, ga shi kuma rarar za ta sulalo ta sandar ƙafa ta koma kan layi.

Mai kuwa wurarensa 'yan kaɗan ne: bushin biyu na moto, gaba da baya, bushin da ke riƙe sandar giya mai murɗe, da inda sandar ƙafafu ke juyawa. Yawancin waɗannan bushin da garin tagulla ake yin su, a matse shi a gasa, ya fito da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kamfanin Chrysler ne ya ƙirƙiro irinsa a 1930 da sunan Oilite, kuma kusan kashi 20 cikin 100 na cikinsa mai ne. Idan sanda ta juya ya ɗumama sai ya fitar da man, idan ya huce ya sake shanye shi. Ka ga ke nan abin da yake buƙata daga gare ka ɗan ƙari ne kawai. Kada ka matsa kwalba kai tsaye a kan jirgin. Ɗiga man a kan murfin kwalba, ka tsoma bakin allura, ka kai ɗan abin da ya maƙale daidai inda sanda ta shiga bushin. Za ka ga ya ɓace nan take, ya shige ciki. Shi ke nan, ya isa. In bayan ka gama kana ganin mai yana ƙyalli a waje, ya yi yawa, sa gefen takarda mai shan ruwa ka tsotse shi. Bushin da ke kusa da kabon shi ya fi son taka-tsantsan, gara ya yi kaɗan da ya yi yawa. Moto irin rufaffen nan mai kama da gwangwani, iyakarka bakin sandarsa ta waje, kada ka yi ƙoƙarin tura masa komai ciki.

Game da irin man, abu na farko da za ka duba a jikin kwalba shi ne an rubuta cewa ba ya cutar da filastik. Wasu mayukan suna shiga jikin filastik a hankali su sa ya yi rauni ya tsage, kuma ba a ranar ake gani ba, sai bayan watanni. Kamfanin Labelle na Amurka yana da lamba 108, mai tsinkakke da ya dace da ƙananan ma'aunai kamar N da HO, da 107 mai ɗan kauri don manya kamar O, da 106 wanda giris ne mai haɗe da PTFE, wani sinadari mai santsi da aka fi sani da Teflon. Märklin na Jamus yana da nasa man mai lamba 7149, Woodland Scenics kuma yana da jerin Hob-E-Lube. Kwalba ɗaya za ta yi maka shekaru. Man keken ɗinki ba shi ne mafi muni ba, gaskiya, amma ba don filastik aka yi shi ba, kuma yana da yawo. Waɗanda nake roƙonka ka nisanta su ne man girki, wanda iska ke mayar da shi danƙo; baƙin man mota da giris ɗinta, masu nauyi da sinadaran da ba a auna su da filastik ɗin jirgi ba; da basilin, wanda ke narkewa ya gudu da zarar wuri ya yi ɗumi. WD-40 ma haka. An ƙirƙiro shi a 1953 don korar ruwa da hana tsatsa, yawancinsa ruwa ne mai wanke mai ya bushe, kuma feshinsa ba ya zaɓen wuri.

Ko da wata rana za ka mallaki irin mai siffar jirgin gawayi, shi yana da ƙarin wurare: 'yan ƙusoshin da sandunan gefe ke juyawa a kansu, da inda sandar fistin ke zamewa gaba da baya. Kowane ɗaya taɓin allura ɗaya. Maƙalan da ke haɗa taragu kuwa busasshen garin graphite, irin baƙin abin da ke cikin fensir, ake hura musu, domin mai zai tara ƙura ya hana su buɗewa. Taragun da sandar ƙafarsu ke da tsini galibi ba sa buƙatar komai.

Idan ka mayar da komai, ka bar gangar jikin a cire tukuna. Tuƙa shi shi kaɗai ba taragu, a matsakaicin gudu, kamar minti 15 gaba, 15 baya, sannan ka sake juya shi ka goge duk abin da ya fito. Taɓa moto da yatsa: ɗumi ba laifi, amma in ba ka iya barin yatsanka a kai, akwai sauran aiki a wajen kabon. Daga nan ba sai ka riƙa damunsa ba. Takardun Märklin sukan ce a sa mai bayan kimanin awa 40 na tafiya, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga sauran ma. Wanda ba ya yawan tuƙi, dubawa sau ɗaya a shekara ta wadatar, tare da ɗan zagaya jirgin lokaci-lokaci don kada giris ya sake kwanciya wuri ɗaya.

Akwai ƙara guda da mai ba ya maganinta. In bayan wanki da shafawa ka ji wani ƙas, ƙas, ƙas da ke zuwa daidai da kowane juyin ƙafa, yana sauri idan jirgi ya yi sauri, duba giyar da ke tsakiyar sandar ƙafafun da madubin ƙara girma. Filastik ɗinta yakan tsuke da shekaru a kan ƙarfen da aka cusa masa har ya tsage, sai tazarar haƙora biyu ta buɗe. Manna ta da gam ba ya riƙewa, domin acetal ba ya kama gam sosai. Nemi sabuwa daidai lambar jirginka, kuma ka canza na duk sandunan a lokaci guda, tunda tare aka yi su.