Abin da ya kayar da Mets a 2023 duk da tarin kuɗinsu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce a 2022 ka fara bin New York Mets saboda abokan aikinka, ka ga sun ci wasa 101. A 2023 kuma aka ce maka babu ƙungiyar da ta taɓa zuba kuɗi irin nasu a tarihin besbol, sai ga shi sun ƙare da nasara 75, an doke su sau 87. Kana tambaya ko kocin ne bai iya ba, ko 'yan wasan ne suka karɓi kuɗi suka miƙe ƙafa, kuma ko gara ka koma wa Yankees, ɗaya ƙungiyar ta New York. Na daɗe ina tuƙin tasi a birnin nan, rediyon motata kuma kan wasan Mets take tun daga Afrilu har kaka ta ƙare. Ga yadda na ga abin.

Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa, idonmu ya saba da cewa in ka sayi gwani to ka sayi minti casa'in na kowane wasa. A besbol ba haka ba ne. Kaka ɗaya wasa 162 ce, kusan kullum ana fili. Babban mai jifa sai bayan kwana biyar yake fitowa, wato wajen wasa talatin a shekara in lafiya ta zauna. Wanda ya fi kowa iya bugu, sau huɗu ko biyar layi ke zuwa kansa a wasa, sauran lokacin yana kallo kamar ni da kai. Saboda haka ƙungiya ba ta tsayuwa da mutum uku ko huɗu masu suna. Tana tsayuwa ne da na ashirin da na ashirin da biyar a jerin, da yaran da za a kira daga ƙananan ƙungiyoyinta ranar da babba ya ji ciwo. A nan Mets ta yi rauni, kuma kuɗi bai rufe wannan ramin ba.

Dubi inda kuɗin ya tafi. Steve Cohen ya sayi ƙungiyar a ƙarshen 2020, kuma ba ya jin ciwon kashewa. Da babban mai jifansu Jacob deGrom ya tafi Texas, sai aka ɗauko wani mai jifan, Justin Verlander, a kan sama da dala miliyan 43 a shekara, daidai da abin da ake biyan Max Scherzer, ɗaya babban mai jifan Mets a lokacin. Dukansu gwanaye ne da tarihi ba zai manta da su ba, amma Verlander ya cika 40 kafin a fara kaka, Scherzer yana 38. Albashin 'yan wasa ya haura dala miliyan 300, ga harajin wuce iyakar albashi na wajen miliyan 100 a kai. An jingina nauyin gida duka a kan hannaye biyu da suka riga suka sha aiki.

Ni dai a wurina kakar ta fara karyewa tun kafin a buga wasan farko. Ranar 15 ga Maris, a Miami, Puerto Rico ta doke Jamhuriyar Dominika a gasar ƙasashe. Edwin Díaz, mai jifan da ke rufe wa Mets wasa a lokacin, shi ne ya rufe wa Puerto Rico wasan, 'yan ƙasarsa suka rufe shi suna tsalle, sai kawai aka ga ya zube yana riƙe da gwiwar dama. Jijiya ta tsinke. A keken marasa lafiya aka fitar da shi, ƙanensa Alexis yana kuka a fili. Wanda bai je Citi Field, filin Mets, a 2022 ba, zai yi wuya ya gane girman rashin. Idan zagaye na tara, wato na ƙarshe, ya zo Mets na gaba da maki ɗaya, sai a saki busar kakaki, ƙofar can baya ta buɗe, Díaz ya fito da sassarfa, fili duka ya miƙe tsaye. A shekarar, rabin waɗanda suka tsaya gabansa ya kore su ba tare da sun sa ƙwallo cikin fili ba. Mutum yakan fara tattara kayansa don ya kama jirgin ƙasa mai lamba 7, domin ya san an gama. A 2023 babu wannan kwanciyar hankali ko sau ɗaya.

Kuma rashin mutum ɗaya a wannan gurbi ba ya tsayawa a kansa. David Robertson, wanda aka ɗauko don zagaye na takwas, shi ya koma na tara, kuma ya yi ƙoƙari sosai. To wa zai riƙe na takwas? Wanda ya kamata ya riƙe na bakwai. Haka kowa ya hau matakin da ya fi ƙarfinsa. Sannan Verlander ya fara kaka da ciwon tsoka a bayan kafaɗa, bai yi jifa ba sai Mayu. José Quintana aka yi masa tiyatar haƙarƙari, sai Yuli. Scherzer aka kore shi daga wasa a Los Angeles cikin Afrilu kan danƙo a hannu, ya sha dakatarwar wasa 10. Masu fara jifa suna fita tun zagaye na huɗu ko na biyar, 'yan canji suna aiki kullum har hannu ya mutu.

Yuni ne ya binne su: nasara 7, faɗuwa 19. Wasanni ukun nan na Atlanta a farkon watan har yanzu suna ci mini rai. A kowanne Mets ta yi gaba da aƙalla maki uku, a kowanne aka kamo ta aka wuce. Na ƙarshen ya tashi 13 da 10, Ozzie Albies ya buga ƙwallo ta tsallake katanga a zagaye na goma. Ƙungiyar da ta ci maki goma ta koma masauki da faɗuwa, ka san ba wurin bugu matsalar take ba a ranar. Braves, ƙungiyar Atlanta ɗin, kuwa sun gama da nasara 104, tazarar wasa 29 tsakaninmu.

Ban yarda cewa 'yan wasan sun miƙe ƙafa ba. Pete Alonso ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 46, duk da ƙwallon da ta same shi a wuyan hannu a Atlanta ɗin. Francisco Lindor ya fitar 31, ya kuma saci tushe (rugawa zuwa zango na gaba ba tare da jiran bugu ba) sau 31. Kodai Senga, da ya zo daga Japan a 2023, ya kori masu bugu 202. Ƙwallonsa takan taho kamar za ta wuce daidai gwiwa, tana isowa sai ta nutse ƙasa, mai bugu ya kaɗa iska. Amma Jeff McNeil da ya fi kowa yawan dacewa da bugu a 2022 ya sauko ƙasa sosai, Starling Marte kuma bai dawo daidai ba bayan tiyata. Buck Showalter ma, shi ne dai kocin da aka ba kyautar gwarzon koci a 2022 da kusan waɗannan mutanen. Ina da ƙorafi a kansa, musamman jinkirinsa wajen sakar wa yara fili, amma ba shi ya tsinka jijiyar Díaz ba.

Ƙarshen Yuli aka fara sayarwa: Robertson zuwa Miami, Scherzer zuwa Texas, Verlander ya koma Houston ranar 1 ga Agusta, Tommy Pham zuwa Arizona, Mark Canha zuwa Milwaukee. Wallahi ya yi zafi, fasinjoji masu hular Mets ba abin da suke yi sai tsaki. Amma a ganina shi ne abu mafi hankali da aka yi a shekarar. Cohen ya yarda ya ci gaba da biyan babban kaso na albashin tsofaffin nan, don a ba shi yara masu tasowa irin su Luisangel Acuña da Drew Gilbert da Ryan Clifford. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da Braves da Dodgers suka yi shekaru suna ginawa a ƙananan ƙungiyoyinsu, shi Mets ta so ta saya a hunturu ɗaya.

Batun komawa Yankees kuwa, su ma 82 da 80 suka yi, ba su shiga wasannin neman kofi ba. San Diego ma haka. Ƙungiyoyi ukun da suka fi kowa albashi duk a gida suka kalli wasannin kofi na Oktoba, alhali Baltimore mai ɗan ƙaramin kasafi ta ci 101, Arizona mai nasara 84 kacal ta kai World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi. Ni ba zan ce maka ka sauya ba. Bayan kakar 2023 an kawo David Stearns daga Milwaukee don ya jagoranci haɗa ƙungiyar, mutumin da ya saba haɗa ƙungiya mai ƙarfi da kuɗi kaɗan, an naɗa Carlos Mendoza koci, Díaz kuma a lokacin ana sa ran dawowarsa a 2024. In kaka ta fara, kada ka tsaya kan sunan da aka saya da tsada. Duba mutum nawa ne za su iya jifa zagaye shida a jere, da wanda ake miƙa wa ƙwallo a zagaye na bakwai in tazarar maki ɗaya ce. Allah ya kai mu Afrilu lafiya.