Tambaya da Amsa: Sabuwar Dokar Turai Kan Buhu, Leda da Kwali

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau zuwa Jamus. Wanda nake sayar wa kaya can ya aiko yana neman takardun buhun da nake zuba kayan, wai wata sabuwar doka ce ta tilasta masa. Ni dai na san ingancin riɗi ake gwadawa. Me ya kawo maganar buhu? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokin cinikinka gaskiya ya faɗa maka. Dokar ita ce mai lamba 2025/40 ta Tarayyar Turai kan mazubin kaya, wato buhu, leda, kwali da makamantansu, wadda ake taƙaita sunanta da PPWR. Ta zama doka ranar 11 ga Fabrairu 2025, yawancin sharuɗɗanta kuma suna aiki ne daga 12 ga Agusta 2026, a ƙasashe 27 lokaci guda. Ta maye gurbin tsohon tsarin 1994. Abin da ya jawo ta shara ce: a 2022, sharar mazubi ta kai kusan kilo 186 a kan kowane mutum ɗaya a Tarayyar, ana so a rage kashi 5 cikin ɗari nan da 2030 da kashi 15 nan da 2040, idan aka gwada da 2018.

Hukumomin Jamus ba za su zo Dawanau ba. Mai shigo da kayan za su riƙe, domin dokar ta ɗora masa tabbatar da cewa kowane mazubi yana da takardar shaidar bin ƙa'ida da bayanan da ke goyon bayanta, ya kuma adana su shekara 5, ko shekara 10 idan mazubin na maimaita amfani ne. Shi kuwa ba shi da inda zai samo bayanan sai wurinka. Duk wanda ya kasa ba shi takarda, zai koma wa wanda ya iya, ko da riɗin naka ya fi kyau.

Abu biyu za a fara dubawa. Na farko ƙarafa huɗu masu guba: dalma, zaiba, kadmiyum da wani nau'in kromiyum. Idan aka haɗa su duka, kada su wuce miligiram 100 a kilo ɗaya na mazubi. Ba kasafai ake samunsu a farar robar buhu ba. Inda suke ɓuya shi ne tawadar tambari, musamman ja da rawaya masu araha, da buhun da aka yi da narkakkiyar tsohuwar roba wadda ba a san asalinta ba. Na biyu sinadaran PFAS, waɗanda ake shafa wa takarda don kada mai ko ruwa ya ratsa ta. A mazubin da ke taɓa abinci, kowane ɗayansu kada ya kai maikrogiram 25 a kilo, jimlar waɗanda aka auna ɗaya-ɗaya kada ta kai maikrogiram 250, gaba ɗaya har da masu siffar roba kada su kai miligiram 50. Mai amfani da buhun takarda mai kilo 25, ko ledar da ake sa wa a cikin buhu, nan zai fi mai da hankali.

Ka fara da rubuta duk abin da ke tafiya tare da kayan: buhu, ledar ciki, zaren ɗinki, lakabi, gam, da ledar da ake naɗe kaya da ita. Kowanne ka rubuta nau'insa da nauyinsa a giram, ka auna da sikeli da kanka. Sai ka nemi kamfanin da ke yi maka buhu ya ba ka rubutaccen bayanin robar da tawadar, tare da sakamakon gwaji daga ɗakin gwaje-gwaje mai shaidar ISO 17025. A nan mutane da yawa za su makale, domin buhun da aka saya wurin dillali a kasuwa ba shi da uba. Buhun da aka taɓa zuba taki ko fulawa kuwa, kada ma ya kusanci kwantenar. Ka tsaya ga kamfani guda, ka riƙa rubuta lambar kowane rukunin buhu a takardun lodi, domin sakamakon gwajin buhun bara ba zai kare ka ba idan bana an sauya tawada.

Akwai kuma 2030. Daga shekarar, mazubin da ba za a iya sake sarrafa aƙalla kashi 70 na nauyinsa ba, ba zai shiga kasuwar ba, daga 2038 kuma sai mai kashi 80. Buhun saƙa na roba zalla ba shi da babbar matsala. Mai matsala shi ne takardar da aka manna wa leda, da jakar da aka haɗa roba iri biyu da alminiyum, saboda injin ba ya iya raba su. Sai dai kada ka yi gaggawar sayen sabon inji, tunda doka ta ba Hukumar Tarayyar har 1 ga Janairu 2028 ta fitar da ma'aunin dalla-dalla. Idan za ka sauya mazubi, gwada shi tukuna da kaya kaɗan a lokacin damina. Zoɓo yana shan laima, kwantena kuma tana yin makonni a teku. Leda iri ɗaya ba ta tare danshi kamar mai alminiyum, fumfuna kuwa ta fi kowace tara tsada.

TAMBAYA: Ina sayar da man kaɗanya da yaji ta intanet, ina aika wa mutane kai tsaye a Jamus da Ingila. Bai fi ƙunshi talatin ba a wata. Ni ma ta shafe ni? Daga wata 'yar kasuwa, Kaduna.

AMSA: Ta shafe ki, Hajiya, har ma fiye da mai kwantena, domin babu mai shigo da kaya tsakaninki da mai saye, ke ce za ki biya kuɗin kwashe sharar mazubinki. A Jamus wannan ya girmi sabuwar dokar. Tun 2019 ake yin rajista a LUCID, kundin masu sa mazubi a kasuwar Jamus, kyauta ne, sannan ki ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga kamfanonin tattara shara, ki bayyana kilo nawa na kwali, roba da kwalba kike aikawa a shekara. Babu rangwamen ƙaramin ɗan kasuwa, ko ƙunshi ɗaya ne. Tun Yuli 2022 shagunan intanet irin su Amazon da Etsy wajibi ne su duba lambar rajistar, tarar rashin shiga tsarin kuma tana iya kaiwa Yuro 200,000. Rajistar Jamus ba ta aiki a Faransa. Kowace ƙasa da tata.

Ki lura da abu biyu a jikin kayan. Baƙar roba mai launin gawayi, na'urar tantance shara ba ta ganinta, don haka ki zaɓi fara ko garai-garai, murfi da gwangwani su zama roba iri ɗaya. Sannan daga 2030 sararin banza a cikin kwalin aike kada ya wuce rabi, kuma takardar cushe da leda mai iska duk sarari ake ƙirga su. Ingila ta fita daga Tarayyar, dokarta daban ce: harajin mazubin roba da ta fara a Afrilu 2022 yana hawa ne kan mai tan 10 a shekara, ke ba ki kai nan ba.

TAMBAYA: Mu da kasuwarmu ba ta wuce Najeriya ba fa?

AMSA: Dokar Turai ba ta hau kanku ba, amma mai kai kaya Legas ya kula. Jihar ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a Janairu 2024, daga 1 ga Yuli 2025 kuma ta fara kama cokula, kofuna da tsinken shan lemo na roba, da ledar da kaurinta bai kai maikron 40 ba. Kafin ku sayi leda da yawa, ku sa mai kamfanin ya rubuta kaurinta a jikin rasit.