Kitsen cikin tsoka ba ya fita da yunwa kaɗai

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin rage kilo shida cikin wata huɗu, sugan safe ya sauko amma na bayan cin abinci ya ƙi, likita kuma ya ambaci kitse a cikin tsoka, shi ne kike son sanin ko ramewa na fitar da shi. Wannan hanyar na bi ta da ƙafata.

Ina kilo 103 aka ce min jikina ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke umartar jiki ya kwashe suga daga jini. Kafin nan shekara biyu na yi ina dirzar bayan wuyana da soso, ina zaton dauɗa ce, ashe baƙin nan alamar matsalar ce. Na rage tuwo, na rabu da lemon kwalba, na dawo 95. Gwajin safe tas. Amma in na ci malmala guda, bayan awa biyu sai na'urar awon suga ta ɓata min rai.

Ki tuna nama a teburin mahauci. Akwai kitsen da ke lulluɓe a waje, wuƙa ɗaya ta ɗauke shi, akwai kuma fararen zaren da suka ratsa cikin jan naman. Bayan su akwai wanda ido ba ya gani, ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayoyin tsokar kansu. In ya taru ba a ƙone shi, ragowarsa ke toshe saƙon insulin, alhali tsoka ce babbar mai kwashe suga daga jini. Shi kuwa sugan safe, yawanci aikin hanta ne, ita ke sakinsa cikin dare.

A 2005 masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka sun sa wasu masu ciwon suga rage kusan kilo 8. Kitsen hantarsu ya zube da kusan kashi 80 cikin ɗari, sugan safe ya daidaita, amma na cikin tsoka ko gezau. Ranar da na karanta wannan na ce to, ga ni nan sak.

Abin da ya fi ɗaure min kai, tun 2001 aka gano a jami'ar Pittsburgh cewa 'yan tseren dogon zango ma tsokarsu cike take da irin wannan kitsen, kuma jikinsu na jin insulin sosai. Nasu itacen girki ne, kullum a kan wuta yake. Namu ajiya ce ta zauna.

Sai na canza salo. Ina idar da abincin dare zan zagaya tsakar gida minti ashirin, yara na yi min dariya. Sau uku a mako in yi tsugunno da tashi, in ɗaga galan ɗin ruwa. Tsoka in tana aiki tana jan suga ko ba ta jira insulin ba. Wata uku sikeli bai sauke min ko kilo biyu ba, amma zanina ya ƙara zagaye, na bayan abincin ya fara sauka, wuyan ma ya washe.

Ki kiyayi horon yunwa, don yana tafiya har da tsokar da kike son gyarawa. Wake, ƙwai, kifi, kada ki yi musu rowa. In kina shan magani, musamman allurar insulin, ki sanar da likitanki kafin ki ƙara motsa jiki, don suga na iya faɗuwa. Ni dabino uku ba sa barin jakata.

Allah ya ba mu lafiya.