Anti, shekarata 47, ji nake kamar tawa ta ƙare

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 47, yarana biyar, bara na aurar da autata yanzu gidan shiru daga ni sai maigida, shi ma kasuwa yake wuni. Ga al'adata ta rikice, wata biyu ko uku ban gani ba sai kuma ta zo, da dare zufa ta jiƙa ni sharkaf ko da sanyi ake, abu kaɗan sai kuka. Aji uku na sakandare aka cire ni aka min aure, ban iya komai ba sai raino da girki, to yanzu wa zan raina? Wallahi ji nake kamar tawa ta ƙare.
Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, sannu kinji, Allah ya ba 'yarmu zaman lafiya a ɗakinta.

Bari mu fara da jiki. Abin da kika lissafa alamu ne na ɗaukewar jinin al'ada, yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55 yake samunsu, ba jifa ba ne ba kuma iska ba, sinadarin da ƙwan mace ke fitarwa ne yake raguwa shi ya sa zufar da rashin bacci da saurin ɓacin rai. Sai kin cika wata 12 cur ba ki ga jini ba ake cewa ta ɗauke, in kuma bayan nan jini ya dawo to kar ki zauna, asibiti kai tsaye. Ko yanzu ma ki je a auna miki hawan jini da suga, kukan nan in ya yi yawa ki faɗa wa likita kar ki ji kunya.

Amma maganar "ban iya komai ba" ita ce ta tsaya min a rai gaskiya. Mace ta riƙe gida kusan shekara talatin, ta yi lissafin cefane da kuɗin makaranta da jinyar yara biyar har ta kai su ɗakunansu, sannan ta ce ba ta iya komai ba? Haba Hajiya. Kin manta Manzon Allah (SAW) yana da shekara 40 aka fara saukar masa da wahayi, kuma a Suratul Ahƙaf aya ta 15 shekara arba'in aka ambata tare da cikar ƙarfin mutum. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana wajen hamsin ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Kuma 'yarsa Nana Asma'u da ta kafa 'Yan Taru ai dattawan mata ta riƙa naɗawa jaji, ta sa musu malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata, saboda su ne suka gama raino suke da lokaci da kuma kwarjini, wato irinki fa.

Ni a wasiƙarki aji ukun nan na hango, kin ambace shi ne don har yau yana cinki. To ga lokacin da kika yi ta nema Allah ya kawo. Ki zauna da maigida ki faɗa masa a nutse, ki nemi ajin manya na hukumar yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure a unguwarku, in kika dage har jarrabawar NECO ta masu zaman kansu za ki iya zanawa. Za ki ji nauyi ranar farko kam, wataƙila ma malamar sa'ar 'yarki ce, ki daure sati biyu kawai ki gani. In rubutu ya fara miki dishi-dishi ki yanki gilashin karatu, shi ma na shekarun ne.

Ki sake rubuto min bayan kin yi rajista, ina son jin wane aji aka sa ki.