Hoton majigi ya karkace kuma ya yi dishi-dishi

Malam, ka ce hoton majiginka ya fi faɗi ta sama, ƙasan ya tsuke, rubutu kuma ba ya fita sosai. Yawanci laifin na wurin da aka ajiye na'urar ne.

Fara da mazauninta. Ta fuskanci tsakiyar bango sak, kada a ɗaga bakinta sama da bulo ko littafi, domin wannan ɗagawar ce ke sa saman hoto ya baje. In teburin ya yi gajere, nemi dogo. Girman hoto kuma nisa ne ke kawo shi: ja ta baya ya ƙaru, amma haske ya ragu. Sai ka daidaita girman da zoben zum, sannan ka murɗa na fokas, mai kawar da dishi-dishi, kana kallon ƙananan rubutun menu har haruffa su fito tar.

Gyaran kiston, wato maɓallin da ke miƙe hoton da ya karkace, a bar shi ƙarshe, kaɗan kawai. Mutane na son danna shi da yawa, alhali matse hoton yake yi, yana cin tsabtarsa.

Idan fuskoki sun yi faɗi ko ƙwallo ta zama kamar ƙwai, duba ma'aunin faɗi da tsayin allo, 16:9 ne ko 4:3, ya dace da na kwamfuta ko dikoda. Ka yi amfani da wayar HDMI in akwai, ka rufe tagogi, gilashin bakin na'urar kuma da ƙyalle mai laushi ake goge shi, ban da bakin riga.

In ka ga tabo rawaya, ko fararen ɗigo da ba sa motsi, ko na'urar tana mutuwa don zafi, kada ka kwance ta. Kai wa mai gyaran majigi.