Martini juya shi ake yi, amma fara duba ƙanƙararka da kwalbar bermut

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce sabon aiki ka samu a mashayar wani otal a Abuja, baƙo ya nemi martini, wato haɗin barasar gin da bermut, ka haɗa masa, ya kurɓa sau ɗaya ya turo maka kofin ya ce ruwa-ruwa ne kuma babu sanyi, shi ne kake so ka san ko girgizawa ake yi ko juyawa. Na ga wasu sun riga sun ja zancen zuwa halacci ko haramcin aikin. Wannan fagen malamai ne, na bar musu. Ni aikin bayan kantar mashaya na sani, a nan na daɗe ina neman abinci, a Legas da Abuja, kuma a kan haka zan ba ka amsa.

Juyawa ake yi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, duk haɗin da barasa ce zalla a ciki, babu ruwan lemo, babu madara, babu farin ƙwai, da cokali ake juya shi. Idan ka girgiza, iska na shiga, ƙanƙara ta farfashe, abin ya fito da hazo da ɓarɓashi a sama. Shi kuwa martini ana so ya fito garau, mai santsi a baki. Amma ka sani, ko da cokali ka juya, baƙon nan zai iya maido maka da shi, don ina kyautata zaton matsalarka tana wani wuri.

Ƙanƙara nake zargi. Mutane suna ɗauka gin (barasa mai ƙarfi) da bermut (wani nau'in ruwan inabi) ne kawai a cikin kofin, alhali ruwan da ya narke lokacin juyawa shi ne na uku, kuma yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da baƙo zai sha. Ana bukatar ruwan nan, shi ke kwantar da kaifin gin. Sai dai sanyi da ruwa tare suke zuwa: gwargwadon abin da ya narke, gwargwadon sanyin da za a samu. To a nan ƙasar tamu, da zafin Maris da Afrilu da ɗauke wuta, ƙanƙarar da ke cikin bokiti ta riga ta jiƙe sharkaf kafin ka taɓa ta. Ruwan da ke jikinta yana shiga haɗin tun kafin ka sa cokali, kuma wannan ruwan ba ya ƙara sanyin kirki. Ka ga yadda aka yi ka samu ruwa-ruwa da rashin sanyi a kofi ɗaya. Ka nemi manyan ƙwayoyi masu tauri, waɗanda ka ɗebo daga firiza yanzun nan, masu kama yatsa idan ka taɓa. Idan dole sai ta bokiti, ka tsiyaye ruwan tas tukuna. Kuma ka cika kofin haɗi da ita sosai, har ta haura saman barasar. Yara sabbi sukan sa ƙwaya uku suna ganin tsimi suke yi, ƙwaya ukun nan kuwa sun fi saurin narkewa.

Na biyu, je ka ɗauko kwalbar bermut ɗinku, wadda aka rubuta vermouth a jiki, ka tambayi na gaba da kai yaushe aka buɗe ta. Bermut ruwan inabi ne da aka ƙara wa ƙarfi aka jiƙa masa ganyayyaki da saiwoyi, ƙarfinsa bai wuce kashi 15 zuwa 18 cikin 100 ba. Ba ya jure zama a buɗe kamar gin ko wiski. Na sha shiga mashaya na ga kwalbarsa a kan kanta tare da sauran, ƙarƙashin fitila, murfin har ya yi danƙo, launin ya koma ruwan shayi. Irin wannan shi ya sa baƙi da yawa suke cewa ba sa son bermut, ba su taɓa ɗanɗana mai rai ba ne. Da an buɗe a sa a firij, a rubuta kwanan wata a jiki, a ƙarar cikin wata ɗaya ko biyu. Idan ba ku cika sayar da martini ba, ka roƙi mai sito ya riƙa kawo ƙananan kwalabe. Mara zaƙi ake nufi, irin Noilly Prat ko Dolin na Faransa, ko Martini Extra Dry na Italiya. Ka kula, Bianco fari ne a ido amma mai zaƙi ne, ba shi ake so ba.

Ga yadda nake yi. Kofin da za a sha a ciki, mai dogon wuya, yana cikin firiza tun da wuri. In babu wuri, a cika shi da ƙanƙara da ruwa kafin a fara komai. A kofin haɗi na zuba gin mililita (mil) 60 da bermut mil 15, da ma'auni, ba da ido ba. Na cika da ƙanƙara, na zura dogon cokali, bayansa na manne da bangon kofin, ina zagayawa da yatsu ba da kafaɗa ba. Idan ana jin ƙara kamar kana dama kunu, to sara kake yi. Wajen daƙiƙa 30 ya kan isa idan ƙanƙarar mai kyau ce, idan mai laushi ce ka rage. Ka sa bayan hannunka a jikin kofin, idan ya yi raɓa yana cizo, ya yi. Sai ka zubar da ruwan da ke kofin sha, ka tace haɗin a ciki, kada ƙanƙara ko ɗaya ta bi. Ka kai wa baƙo nan take. Martini da ya zauna a kan tire yana jiran weta ya gama hira ya riga ya lalace.

Game da awo, ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya, IBA, ta rubuta gin mil 60 da bermut mil 10. Ni na fi son 15, don a ganina a 10 bermut ɗin sai ka yi ta lalube. Ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. Abin ya taso ne a Amurka a shekarun 1880, kuma na farko-farko da bermut mai zaƙi ake yin su, da yawa, har rabi da rabi. A hankali aka yi ta rage shi, har ta kai wasu suna ɗauraye kofi da shi kawai su zubar. A mashayar otal ɗin Dukes da ke Landan ma ba sa juyawa, gin ɗin daga firiza suke tsiyaya shi kai tsaye, shi ya sa ba sa ba mutum fiye da biyu. Kada ka kwaikwayi wannan, firizarmu ba ta da tabbas.

Gin kuwa nau'in da ake kira London Dry ake so, irin Beefeater, Tanqueray ko Gordon's. Ka duba ƙarfinsa a jikin kwalba, wani kashi 37.5 ne, wani ya kai 47. Mai rauni ba ya ɗaukar doguwar juyawa. Bombay Sapphire ya fi laushi, kuma cikin kayan ƙamshinsa har da citta mai 'ya'ya ta nan Afirka ta Yamma.

Abin da zai fi cetonka shi ne tambaya kafin ka ɗaga kwalba. Gin ko vodka? Ɓawon lemo ko zaitun? Wanda ya ce "dry" yana nufin a rage bermut, "wet" a ƙara, "dirty" a sa ɗan ruwan gishirin zaitun, cokalin shayi ɗaya ko biyu. Gibson shi ne martini da 'yar albasa mai tsami maimakon zaitun. Wani zai ce lallai a girgiza masa don ya gani a fim ɗin James Bond. Girgiza masa, kuɗinsa ne, sai dai ka tace sau biyu da ƙaramar rariya. Wanda ya fi kama mutane shi ne Bafaranshe ko ɗan Italiya. Idan ya ce Martini, sau da yawa bermut ɗin kamfanin Martini yake nufi, ja ko fari, a kan ƙanƙara da yankan lemo, babu gin ko ɗigo. 'Yan'uwanmu da ke aiki a otal-otal na Yamai sun fi mu sanin wannan. Ka tambayi baƙon: haɗin ko na kwalba?

Idan ɓawo ya zaɓa, babban lemon tsami mai launin rawaya za ka nema, ba ƙaramin kore na kasuwa ba. Ka fere shi siriri, ban da farin cikin mai ɗaci, ka matse shi a saman kofin, bayan ɓawon na kallon ƙasa, har ka ga man ya fesu a fuskar haɗin. Zaitun kuma kore, na cikin ruwan gishiri, wanda ba a cusa wa komai ba, mai sanyi daga firij. Na cikin mai yana barin maiƙo a sama.

Kuma ka riƙa lura da wanda kake ba wa. Kofin ƙarami ne amma kusan barasa ce tsagwaronta, ɗaya ya fi ƙaramar kwalbar giya ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka ajiye masa ruwan sha a gefe ko bai nema ba. Idan ya nemi na uku kuma ka ga makullin mota a kan kanta, ka sanar da manajanka kafin ka zuba.